Shin Ko Kun San? Daga Kanal ɗin Kadawa Zuwa Farkon Halitta

Shin ko kun san buhun shanshera guda mai kilo 100, irin wanda ake lodawa a Kura lokacin girbi, yana ɗauke da ƙwayar shinkafa kusan miliyan 4? Lissafin ba shi da wuya. Ƙwaya dubu tana da nauyin giram 25 ko kusa da haka, sai ku raba.

Malamin tarihi Ibn Khallikan, a littafinsa na tarihin manyan mutane da ya soma rubutawa a 1256, ya kawo labarin wanda ya ƙirƙiro shaɗaranji, darar nan mai gida 64. Sarki ya ce masa ya faɗi tukuicin da yake so. Ya ce a sa masa ƙwaya ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ninkawa har gida na ƙarshe. Shi da alkama ya ba da labarin, mu bari mu auna da shinkafarmu. Har gida na 10 ba a cika tafin hannu biyu ba. Gida na 23 shi kaɗai buhu ne cur. Gida na 33 ya haura buhu dubu, na 43 ya haura buhu miliyan. In aka tattara gidajen duka, ƙwayoyin sun kai 18,446,744,073,709,551,615, wato buhu tiriliyan 4 da rabi da 'yan kai. Duk shinkafar da duniya ke nomawa a shekara, daga Sin da Indiya har Kadawa, sai an tara ta fiye da shekara 500 kafin a biya wannan tukuici.

Shin ko kun san ɗigon ruwa ɗaya tak daga kanal ya fi wannan adadi yawan ƙwayoyi? Ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka zama ruwa a ɗigo guda sun ninka shinkafar shaɗaranjin nan kusan sau 90. Dam ɗin Tiga kuwa, da aka gina shi don ya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2, in ya cika, adadin ƙwayoyin ruwansa lamba ce mai gurbi 38. Arkimidis na tsibirin Sisili, wanda ya rasu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya taɓa lissafa yashin da zai cike sararin samaniya kamar yadda aka ɗauke shi a zamaninsa, ya samu ɗaya da sifiri 63 a bayanta. Masana na yau suna ƙiyasta ƙwayoyin zarra na duk sararin da ake iya hangowa da ɗaya mai sifiri 80.

Abin lura shi ne, duk waɗannan lambobi suna da ƙarshe. Mukan ce abu ya yi malala gashin tunkiya in ƙidaya ta gajiyar da mu, amma gajiyarmu ce ta ƙare, abin yana da adadi. Yawa daban, rashin iyaka daban. Lamba mai sifiri 80 ba ta fi lamba 7 kusa da rashin iyaka ba ko da taku ɗaya, domin abin da ya rage a gaban kowacce ba ya ƙarewa.

Shin ko kun san tun wajen shekara 300 kafin Annabi Isa (AS) Yuklid na Iskandariya ya tabbatar da cewa lambobin da ba su rabuwa sai da ɗaya da kansu, irin su 2, 3, 5, 7, 11, ba su da ta ƙarshe? Hujjarsa gajera ce. Tara duk waɗanda kake da su, ka ninka su da juna, ka ƙara ɗaya. Babu ko ɗaya a cikinsu da zai raba sabuwar lambar ba saura, saboda haka dole akwai wata da ba ta cikin jerinka.

Irin wannan aiki ɗan ƙasarmu ma ya yi shi. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Katsinawi ya rubuta littafi a 1732 kan tsara lambobi a gidajen hatimi, yadda ko ta ina ka tara, tsaye ko kwance ko a karkace, jimla ɗaya za ka samu. Mai gida uku-uku yana ba da 15. Ƙa'idojin da ya kawo suna aiki ga mai biyar-biyar, bakwai-bakwai, tara-tara, haka har abin da ya yi sama. Ƙa'ida ce da ta shiga 'yan shafuka, amma hatiman da take iya fitarwa ba su da iyaka. Ya rasu a Alƙahira a 1741, yana baƙon Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar.

Shin ko kun san wani Bagirke mai suna Zeno ya kafa hujjar da, in aka bi ta, ba wanda zai taɓa isa Kano daga Kura? Tazarar kimanin kilomita 30 ce. Kafin ka ci 30 sai ka ci 15, sannan 7 da rabi, sannan rabin abin da ya rage, kuma kullum akwai rabin da ya rage. Ta yaya za a gama abin da ba ya ƙarewa? Masu lissafi sun nuna cewa rabi da kwata da sumuni da sauransu, in aka tara su har ba iyaka, jimlarsu ɗaya ce daidai. Direbobi dai suna isa. Aristotal ya raba gardamar da cewa rashin iyaka iri biyu ne: wanda kullum ana iya ƙarawa, da wanda ya riga ya kammala yana nan gaba ɗaya. Ya yarda da na farko, ya ƙi na biyu. A kan wannan rabo aka yi ta fafatawa shekara dubu biyu.

Yanzu mu gangara bakin ruwa, domin nan maganar take da nauyi. Shin ko kun san ruwan da ke shayar da gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam gangarowa yake yi da kansa, ba inji ke turo shi ba? An kammala dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma an tsara kashin farko na aikin ban-ruwan ya shayar da hekta 22,000. Tambayi manomin tumatir daga ina ruwansa yake, zai nuna maka ƙaramar kanal. Ita kuma daga babba take sha, babbar daga Tiga, Tiga daga Kogin Kano, kogin daga ruwan damina da ke sauka a tsaunukan kudancin jihar, damina daga iskar da ke ɗauko laima daga tekun Atlantika, laimar kuma zafin rana ne ya tayar da ita. Kowane ɗaya aro ya yi daga na bayansa. To a ce babu Tiga, babu kogi, babu mafari ko ɗaya, sai dai kanal tana sha daga kanal, ita ma daga wata, har ba iyaka. Shin ruwa zai taɓa jiƙa gonar? Dubun masu aro ba su zama mai abu.

Wannan ita ce mas'alar da malaman tauhidi ke kira tasalsuli, kuma ba baƙuwa ba ce a zaurukan Kano. Shehu Muhammad as-Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, ya gina littafinsa Ummul Barahin a kanta. Jikkuna ba su rabuwa da motsi ko tsayuwa, motsi da tsayuwa fararru ne tunda ana ganin ɗaya yana gushewa ɗaya yana zuwa, abin da ba ya rabuwa da fararre shi ma fararre ne, fararre kuwa sai da mai farar da shi. Da a ce shi ma mai fararwar fararre ne, da an faɗa cikin ɗayan biyu: ko jeri marar mafari, ko kewayo inda wannan ya samar da wancan, wancan kuma ya samar da wannan. Duka biyun hankali ya ƙi su. Bahaushe ya taƙaice rabin wannan karatu da cewa ruwa ba ya tsami banza. Littafin ya samu karɓuwa sosai a ƙasashenmu, har Muhammad al-Wali na Bagarmi ya yi masa sharhi da Larabci a ƙarni na 17, yana ɗaukowa daga karatun da ake yi da Fulatanci.

Shin ko kun san Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi rubuce-rubuce da dama yana mayar da martani ga ɗaliban da ke kafirta talakawa don ba su iya jero waɗannan hujjoji ba? Ina ganin gaskiya na wajensa ƙwarai. Tambayar farkon halitta abar ƙauna ce ga mai son tunani, bai kamata ta zama bulalar dukan wanda ya wuni a gona yana bautar Ubangijinsa da zuciya ɗaya ba.

Shin ko kun san a cikin malaman falsafa na Musulmi an samu saɓani mai zafi kan ko duniya tana da ranar farawa? Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yarda cewa jerin dalilai dole ya tuƙe ga Wanda samuwarsa wajiba ce. Amma ya ce duniya ba ta da farko a zamani, tana dogara da Mahalicci tun fil azal. Al-Kindi na Bagadaza, tun ƙarni na 9, ya tafi a kan akasin haka: in zamanin da ya wuce ba shi da iyaka, ba yadda za a yi a ƙetare shi har a iso yau. Wannan hujja ta samo asali daga wani malamin Kirista na Iskandariya a ƙarni na 6, wanda Larabawa ke kira Yahaya an-Nahwi.

Imam al-Ghazali ya ɗauki maganar a Tahafutul Falasifa wajen 1095, ya kawo misali daga sama. A lissafin zamaninsa rana tana gama zagaye a shekara ɗaya, Mushtari a shekara 12, Zuhal a shekara 30. In sun kasance suna zagayawa tun ba farko, zagayen kowanne ba shi da iyaka. Amma na rana ya ninka na Zuhal sau 30. Yaya marar iyaka zai fi marar iyaka? Ya kuma tambaya: adadin zagayen nan shafa'i ne ko wutiri? In shafa'i ne, ƙarin ɗaya zai mai da shi wutiri, to yaya abin da ba shi da iyaka zai rasa ɗaya? Daga cikin mas'aloli 20 da ya tattauna, wannan na cikin uku da ya fi tsanantawa a kansu. Ibn Rushd na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya rubuta masa raddi littafi guda, yana cewa zagayen da suka shuɗe ba su taru wuri ɗaya ba balle a ƙidaya su a gwada.

Shin ko kun san masu lissafi sun zo daga baya sun ce lallai wani marar iyaka ya fi wani girma? Thabit ibn Ƙurra, wanda ya rasu a Bagadaza a 901, ya riga ya karkata ga haka. Galileo a 1638 ya lura cewa kowace lamba tana da abokiyar da ke fitowa in an ninka ta da kanta, 1 da 1, 2 da 4, 3 da 9, 4 da 16, ba wadda ta rasa, alhali abokan nan wani ɓangare ne kawai na lambobin. Ɓangare ya yi daidai da duka. Ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya ce kalmomin "fi" da "daidai" ba su aiki a nan.

Bajamushe Georg Cantor shi ya ƙi ja da baya. A 1874, sannan da hujja mafi sauƙi a 1891, ya nuna cewa lambobin da ke tsakanin sifiri da ɗaya, masu gurabe marasa ƙarewa bayan ɗigo, sun fi lambobin ƙidaya yawa. Kawo kowane jeri da kake cewa ya ƙunshe su duka. Zan gina wata lamba da ta saɓa wa ta farko a gurbin farko, ta saɓa wa ta biyu a gurbi na biyu, haka har ƙasa. Wannan lamba ba ta cikin jerinka. David Hilbert kuma a 1924 ya kawo misalin masauki mai ɗakuna marasa iyaka, kowanne da mutum. Baƙo ya zo, sai a ce kowa ya matsa ɗaki na gaba, na farko ya zama fanko. Ko baƙi marasa iyaka suka zo, kowa ya koma ɗakin da ya ninka lambar nasa, duk ɗakunan wutiri sun samu.

Wasu na cewa da wannan Cantor ya rushe hujjar Ghazali. Ni ban gamsu ba. Abin da Cantor ya tabbatar shi ne ana iya lissafi da marar iyaka a takarda ba tare da magana ta ci karo da kanta ba. Ko irin wannan abu zai iya kasancewa a zahiri, cikin kwanaki da jikkuna, wata tambaya ce dabam. Hilbert da kansa, a laccarsa ta 1925, ya ce ba a samun marar iyaka ko'ina a duniyar zahiri. Kuma a cikin lissafin ma akwai inda aka cije: ko akwai wani girma tsakanin marasa iyakar nan biyu na Cantor? Kurt Gödel a 1940 da Paul Cohen a 1963 sun nuna cewa ƙa'idojin lissafin da aka saba da su ba za su iya cewa i ko a'a ba.

Shin ko kun san duhun dare shaida ne? Mai ban-ruwa da dare a Bunkure, in ya ɗaga kai, yana kallon abin da ya dami Kepler a 1610 da Olbers a 1823. Da a ce taurari sun bazu ba iyaka, suna nan tun ba farko, kuma ba abin da ke canjawa, da duk inda ka kai ido sai ya sauka a kan tauraro, da sama ta yi fari fat dare da rana. Ba ta yi ba, domin haske tafiya yake yi, kilomita 300,000 a daƙiƙa, kuma taurari ba su daɗe da za a ce hasken kowanne ya iso ba. Hasken rana yana ɗaukar minti 8 da daƙiƙa 20. Hasken Kaza da 'Ya'yanta, wadda masu lissafin taurari ke kira Surayya, ya taso kimanin shekara 440 da suka wuce, fiye da ƙarni biyu kafin jihadin 1804. Gungun taurarin Andromeda, da Abdurrahman as-Sufi ya siffanta a 964 kamar ɗan gajimare, haskensa ya yi shekara miliyan 2 da rabi a hanya, kuma ido tsirara yana ganinsa inda babu hasken lantarki.

Shin ko kun san wanda ya fara cewa sararin samaniya faɗaɗa yake yi daga wani mafari limamin coci ne? Georges Lemaître, ɗan Beljiyam, ya fitar da lissafin faɗaɗawar a 1927, bayan Alexander Friedmann na Rasha ya nuna yiwuwarta a 1922. Edwin Hubble ya kawo awo a 1929: gwargwadon nisan gungun taurari, gwargwadon saurin nesantarsa. Fred Hoyle, wanda ya laƙaba wa ra'ayin sunan Babbar Fashewa a rediyon BBC a 1949, bai yarda da shi ba har ya bar duniya. Shi yana ganin sarari ba shi da farko.

Abin da ya karya ƙarfin ra'ayin Hoyle wata ƙara ce. A 1964 Arno Penzias da Robert Wilson suna gwada wata babbar eriya a jihar New Jersey ta Amurka, suka yi ta jin shuu daga kowane ɓangare na sama. Har kashin tantabarun da suka yi sheƙa a ciki suka kankare, ƙarar ba ta tafi ba. Ashe ragowar zafin farko ne, hasken da ya kuɓuta lokacin da sarari yake da shekara 380,000, wanda yanzu ya huce ya kai digiri 270 ƙasa da sifiri. Sun samu kyautar Nobel a 1978. Daga awon wannan haske, musamman na kumbon Planck a 2013, aka samu shekarun faɗaɗawar: biliyan 13.8.

Shin ko kun san ruwan kanal yana ɗauke da abin da ya girmi rana? Kowace ƙwayar ruwa haidurojin biyu ce da oksijin ɗaya. Cibiyar haidurojin ta samu ne tun daƙiƙar farko ta faɗaɗawar. Oksijin kuwa a cikin taurari aka dafa shi, haka ma ƙarfen fartanya da na garma, taurarin da suka mutu suka watsa shi kafin rana ta samu shekara biliyan 4.6 da suka wuce.

Amma a yi hattara a nan, domin na ga ana gaggawa ta ɓangarori biyu. Lissafin masana yana komawa baya har kusa da farko, sai ya tsaya a wani ɗan mitsitsin lokaci, kashi ɗaya cikin lamba mai sifiri 43 na daƙiƙa, inda ƙa'idojin da ake da su suka daina aiki. Abin da ke bayan wannan hasashe ne: wasu na cewa zamani kansa nan ya fara, wasu na cewa wani sarari ne ya tsuke sannan ya sake buɗewa. Saboda haka wanda ya ce kimiyya ta kori Mahalicci ya faɗi abin da na'ura ba ta auna ba. Wanda kuma ya jingina imaninsa kacokan a kan awon bana, me zai yi in awon baɗi ya canja? Lemaître kansa bai ji daɗi ba da Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi a 1951 yana ɗaukar binciken a matsayin tabbacin halitta. Tambayar da Leibniz ya yi a 1714, me ya sa akwai wani abu maimakon babu, tana nan ko da an ce zamani ba shi da farko, kuma wannan shi ne abin da Ibn Sina ya gani tun da daɗewa. Burina shi ne ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero ko ta Wudil ya san Sanusi da Ghazali, almajirin zaure kuma ya san Cantor da Hubble, domin tambaya ɗaya suke bi.

Shin ko kun san har yau ba a tantance ko sarari yana da iyaka ba? Abin da ake iya hangowa faɗinsa tafiyar haske ce ta shekara biliyan 93. Ya fi 13.8 nesa ba kusa ba, saboda sararin ya ci gaba da buɗewa yayin da hasken ke hanya. Awo ya nuna shimfiɗe yake, ba a ga lanƙwasa ba, kuma wannan ya dace da marar iyaka, ya kuma dace da mai iyaka wanda girmansa ya wuce awonmu. Immanuel Kant a 1781 ya jera hujjar cewa duniya tana da farko da iyaka a shafi ɗaya, hujjar akasin haka a shafin da ke kallonsa, don ya nuna hankali shi kaɗai yana iya kare kowacce.

A 1998 ƙungiyoyin masana biyu suka gano cewa faɗaɗawar ƙara sauri take yi, binciken da ya samu Nobel a 2011. Abin da ke tura ta ba a san haƙiƙaninsa ba, kuma duk abin da muka sani na ƙasa da ruwa da taurari kashi 5 ne kawai cikin 100 na abin da sarari ya ƙunsa. In saurin ya ɗore, nan da shekara biliyan 100 ko fiye, gungun taurarin da ke nesa za su fice daga inda haskensu zai iya isowa, mai duba sama a wannan lokaci ba zai samu abin da Hubble ya auna ba.